Ayu: Mansa na Kasuwa, Nauyinsa na Wuyan Masunta

Babu ayu a Guci. Ruwan da wannan ƙaramar hukuma ta gundumar Dungas take da shi na tafkuna ne da fadamu, irin waɗanda kwarin Korama ya barbaza tsakanin tuddan yashi tun daga wajen Matamai, ta Bande da Waca, har kudancin Damagaram. Damina ta cika su, rani ya tsotse wasu, wasu su daure har wata daminar. A bakinsu ake noman rake da rogo da kayan lambu, a cikinsu ake kama tarwaɗa da karfasa da gaiwa. Ruwa mafi kusa da ayu yake zama, ko Binuwai ta kudu ko Kwara ta yamma, wadda mutanen Yamai ke kira Isa, sai an yi tafiyar kilomita 500 ko fiye.

Duk da haka da wuya a sami baligi a wannan ƙasa da bai taɓa jin man ayu ba. Ranar kasuwa mai magani zai shimfiɗa buhu, ya jera sassaƙe da saiwoyi da ƙullin garin magani a leda. A gefe guda akwai 'yan kwalabe, wasu na turare ne aka wanke, cike da mai mai kauri, wani fari-fari, wani ruwan zuma. Sauran kayan da ƙarfi yake tallarsu, amma in ya zo kan kwalaben sai murya ta yi ƙasa: «Wannan na gaske ne, Hajiya, daga bakin kogi aka kawo shi, ba irin na gari ba ne.» A ce yana maganin sanyin ƙashi, a ce yana gyara aure, a ce yana sa miji ya daina kallon waje. Haka ake yi a Magariya, haka ake yi a Maigatari ranar Alhamis, kuma yanzu tallar ta hau Facebook da TikTok da WhatsApp, inda masu kayan mata ke aika shi har gida.

Duk kwalbar da ta kasance ta gaske, wata dabba aka kashe a wani kogi mai nisa. Kuma in rana ta ɓaci, masunci ne ake kamawa.

Dabbar da ba ta gaggawar haihuwa

Wanda bai taɓa ganin ayu ba yakan ɗauka kifi ne. Dabba ce mai shayarwa, da huhu take numfashi, kuma masana sun ce a dabbobin tudu giwa ce danginta na kusa. Babban ayu yakan kai mita 3, nauyinsa ya haura kilo 300. Fatarsa toka-toka ce mai kauri, idanunsa ƙanana, wutsiyarsa mai faɗi, yana da hannuwa biyu gajeru da yake tura ciyawa baki da su. Macen tana da nono a gindin hammata, shi ya sa a garuruwa da dama na bakin kogi ake ba da tatsuniyar cewa asalinsa mace ce da kunya ta sa ta faɗa ruwa. Ba ya cizo, ba ya kifar da jirgi. Yini yake yi a laɓe, da dare ya fito kiwo cikin burgu da sauran ciyayin ruwa, bayan 'yan mintoci ya ɗago hanci ya shaƙi iska ya koma. Masunci kan shekara yana zirga-zirga a kansa bai ga komai ba sai tsinken ciyawar da ya ci tana yawo a saman ruwa.

Ana samunsa a ƙasashe 21, daga kogin Senegal har Angola, a gaɓar teku da kuma can cikin ƙasa, har Mali da tafkunan Lere da Tirene na Cadi. Ƙungiyar IUCN, mai tattara jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sa shi cikin waɗanda ake jin tsoron ƙarewarsu.

Abin da ya sa ake jin tsoron yana cikin haihuwarsa. Macen takan ɗauki ciki kusan shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, ta yi ta fama da shi kusan shekara 2, sannan a ƙiyasin masana sai bayan shekara 3 zuwa 5 ta sake. Mai kiwo a Guci ya san akuyar da ta haihu bana, baɗi za ta ƙara, wataƙila ma tagwaye, shi ya sa yake sayar da ɗaya ranar salla hankalinsa kwance. Ayu ba ya mayar da gurbi haka. In aka kashe mace guda mai goyo, an kashe biyu, an kuma toshe waɗanda za su biyo baya. An ga ƙarshen irin wannan a kan wata 'yar'uwarsa ta tekun Bering, wadda ta ninka shi girma: Turawa sun fara ganinta a 1741, zuwa 1768 mafarauta sun cinye ta kaf.

Abin da masunci yake gani

Daga ofis abu ne mai sauƙi a ce a bar ayu ya sha iska. A cikin kwalekwale lissafin daban ne.

Ɗauki masuncin da ya karɓi raga bashi a hannun dillalin kifi, a kan zai riƙa biya da abin da ya kamo. Da la'asar ya shimfiɗa ta a bakin burgu, don nan kifi yake. Nan ne kuma ayu yake kiwo. Da asuba ya zo ja, sai ya tarar da ɗayan biyu. Ko dai ayu ya ratsa ta ya yi mata ɓarakar da mutum zai shige a tsaye, kifin ya watse, a yi kwanaki ana ɗinki ga bashi na jira. Ko kuma ya nannaɗe a ciki, ya kasa ɗagowa ya shaƙi iska, ya mutu. A hali na biyu, mutumin da jiya bai kama na cefane ba yau ga shi da nama mai ɗaruruwan kilo, ga kitse, ga fata, ga ƙashi, kowanne da mai saye. Doka ta ce ya kai rahoto. Cikinsa da na 'ya'yansa sun ce ya kira mahauci kafin gari ya waye. Wanda ya ce ya san abin da zai yi a wannan matsayi, bai taɓa kwana da bashi ba.

Masunta sun daɗe suna ƙorafin cewa ayu yana cinye musu kifi a raga, masu boko suna musu, wai ciyawa kaɗai yake ci. Sai da Lucy Keith-Diagne, wata masaniya Ba'amurkiya da ke aiki a Senegal, ta auna ƙasusuwan ayu a bincikenta na digirin digirgir a 2014, ta tarar lallai na Afirka yana haɗawa da kifi da dabbobin ruwa masu ɓawo. Masuntan ne da gaskiya. A Saliyo da Gini Bisau kuma manoman shinkafa ne ke kuka da shi, don in ruwa ya cika yakan shiga gona ya yi kiwo.

Farautar ayu da gangan tsohuwar sana'a ce, amma da tana da masu ita. A Kwara, Sorkawa da 'yan'uwansu Sarkawa, waɗanda suka bazu daga Kabi zuwa Yawuri har Binuwai, su ne ke da zago da asirin manyan namun ruwa. Ba kowane mai jirgi ke tunkarar dorina ko ayu ba. Akwai gidajen da suka gada, akwai lokaci, akwai izinin sarkin ruwa, akwai rabon nama da kowa ya san kasonsa. Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki farautar dorinar Sorkawa a fim a wajen Ayoru a farkon shekarun 1950, kuma wanda ya kalla zai ga an fi ɓata lokaci a shiri da neman izini a kan jifan kansa. Ba ina cewa tsarin da ba ya kashe ayu ba ne. Yana kashewa, amma hannuwan da ke kashewar ƙidayayyu ne, kuma akwai wanda zai ce musu ya isa.

Ragar roba ce ta rushe wannan. Tana da araha, ba ta ruɓewa, ba ta buƙatar gado ko asiri. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya turo manoma da makiyaya bakin ruwa, kowa ya zama masunci. Aka zo da taru mai ƙananan idanu, aka zo da gura ana jera ta dumba a tare mashigi, har gidan sauro ya shiga ruwa. Kifi ya ragu, raga ta ƙaru, kuma kowace raga tarko ce ga ayu ko mai ita bai nufa ba.

Doka a takarda

Ba a rasa dokoki ba. A Nijar, doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilun 1998 ta sa ayu da dorina cikin dabbobin da aka haramta taɓawa kwata-kwata. A Najeriya dokar soja mai lamba 11 ta 1985 ta hana farautarsa da cinikinsa, aka kuma ƙara tarar a 2016. A 2008 Nijar ta sa hannu a Lome kan yarjejeniyar kare ayu da ƙananan dabbobin teku masu shayarwa na yammacin Afirka. A Maris 2013, a taron CITES, yarjejeniyar cinikin namun daji, na Bankok, aka ɗaga ayun Afirka zuwa rukunin farko, wato an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Kenan kwalbar da ta tsallako daga Babura zuwa Magariya, in ta gaske ce, ta karya dokar ƙasa biyu da ta duniya a tafiya ɗaya.

A farkon 2020 wani bidiyo ya zagaya intanet: matasa a yankin Neja Dalta sun ɗaure ayu da igiya suna jansa a kan turɓaya da ransa. Ƙaramar ministar muhalli ta Najeriya a lokacin, Sharon Ikeazor, ta yi tir, duniya ta yi ca, bayan mako guda aka shiga wata maganar.

Inda ya fi nuna yadda doka ke karo da ciki shi ne batun dorina, maƙwabciyar ayu a ruwa da kuma a takardar doka. A Nuwamba 2014 dorina ta kifar da jirgi kusa da Yamai, mutum 13 suka rasu, 12 daga ciki yara ne 'yan makaranta. A Ayoru mutane sun yi ta kai kuka cewa dorinai na cinye shinkafa da burgu, suna kashe shanu. Da suka ga ba a biya su ba, ba a kuma rage musu dabbobin ba, sai suka ɗauki mataki da kansu: a 2017 hukumomin yankin suka ce an kashe aƙalla dorina 27 cikin 'yan watanni. Aka kama mutane, gari ya ɗauki zafi. A watan Yulin shekarar gwamnati ta kafa gandun Kandaji da mafakar dorinai a wannan yanki na kogi. A Yawuri ma, a 2024, bayan dorina ta kashe wani mutum, mafarauta da masunta suka bi ta suka kashe, aka raba naman ana murna. Ayu bai taɓa kashe kowa ba, amma a idon mutumin bakin kogi darasin ɗaya ne: hukuma ta san adadin dabbarta, ba ta san adadin asararsa ba.

A nan ne nake ganin an karkatar da nauyin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masunci talaka ne mai jirgi ɗaya a fili, kowa na ganinsa, kama shi ba wuya. Mai kwalba yana zaune a kasuwa da rana tsaka, mai talla a waya tana da dubban mabiya da lambar da za a kira, ba wanda ya ce musu kanzil. Mai saye kuwa ko a mafarki bai ɗauka yana da hannu ba. Wani zai ce ai yawancin man jabu ne, kitsen shanu ne ko man gyaɗa aka rina. To, ko da haka ne, jabun shi ke raya sunan, sunan ke sa wanda ya fi kuɗi ya ce a nemo masa na ainihi ko nawa ne, wannan saƙon kuma shi ke isa bakin kogi. Babu wani binciken likita da ya tabbatar man ayu na yin abin da ake faɗa. Matar da ta sayar da 'yar akuyarta ta saya don ta riƙe gidanta, ita ma an cuce ta.

Wani malami zai iya tuna mana cewa a mazhabar Malikiyya naman ruwa halal ne. Haka ne. Sai dai halaccin yanka rago bai ba kowa izinin ƙarar da garken gari ba, kuma wannan bayani ne da ya fi dacewa a ji shi daga bakin malaman da mata ke saurara a rediyo da makarantun Islamiyya, fiye da daga bakin ma'aikacin gandun daji mai kaki.

Hani ba tare da tuwo ba

Mutanen Damagaram ba sa buƙatar a ba su labarin abin da hana su yake jawowa. Da yawa daga ƙasar nan tafkin Cadi suke zuwa cin rani, su yi kamun kifi da banda. A 2015, saboda yaƙin Boko Haram, hukumomin Difa suka hana kamun kifi da cinikinsa, a watan Mayu aka kwashe mutanen tsibirai. Wani rahoton Oxfam na 2017 ya nuna abin da masunta ke samu ya faɗi da fiye da kashi 70 cikin 100. Ba a ɗage hanin ba sai 2019. Dalilin tsaro ne, ba na dabba ba, amma abin da ya biyo baya shi ne abin da ke biyo kowane hani irin wannan: wasu suka koma zaman jiran taimako, wasu suka ci gaba da shiga ruwa a ɓoye suna biyan duk wanda ya tare hanya.

Can a Meziko an yi irinsa saboda dabba. A tekun Kalifoniya akwai wata ƙaramar dabbar ruwa mai shayarwa, vaquita, wadda ba a samunta ko'ina sai can. A 1997 an ƙiyasta 567. Tana mutuwa ne a ragar da ake kafa wa wani kifi, totoaba, wanda ake sayar da jakar iskar cikinsa da tsadar gaske a Sin, don an yi imani magani ce. A 2015 gwamnati ta hana ragar, ta soma biyan masunta diyya. Diyyar ta tsaya a ƙarshen 2018, masunta suka koma ruwa, yau abin da ya rage na dabbar bai fi 10 ba. An yi shekaru ana artabu da masu jirage, alhali kuɗin da ke tura su yana fitowa daga wata nahiya.

Sin kuwa, bayan ta rasa dabbar baiji ta kogin Yangtze, wadda aka neme ta aka rasa a 2006, ta rufe kamun kifi a kogin na shekara 10 daga 1 ga Janairun 2021, ta fitar da masunta fiye da 230,000 daga ruwa, ta nema musu wasu sana'o'i da kuɗin fansho. Nijar ba ta da wannan aljihu, Najeriya ma ba ta nuna niyya ba.

Abin da ke hannunmu

Abin da muke da shi shi ne tsohon sanin cewa ruwa yana hutawa. A Argungu, kogin Matan Fada a rufe yake duk shekara, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da aka buɗe, kuma sarkin ruwa da mutanensa ke tsaronsa, ba soja ba. Tun 1934 ake bikin kamun kifin a siffarsa ta yanzu, UNESCO ta karɓe shi a 2016, amma hanin ya girmi bikin. Masuncin tafki a ƙasar Magariya da Dungas ma ya san wannan: in ma'aikatan gandun daji suka zuba 'ya'yan kifi, akan rufe tafkin na wani lokaci, kuma rufewar na tsayawa ne kawai in masuntan garin da kansu suka yarda, suka san su za su ci moriyar ranar buɗewa. In suka ga baƙo zai zo da taru ya kwashe, to daren farko za su riga shi. Kifi na ganinka, mai jar koma; masunci ma yana ganin mai doka.

Inda aka ɗan ga haske a kan ayu, ta wannan hanya aka bi. A Tocc Tocc, gefen tafkin Giyer na Senegal, ƙauyuka ne suka keɓe wani yanki na ruwa, 'ya'yansu ke gadi, su ke kwashe ragar da aka kafa ba bisa ƙa'ida ba. A tafkin Ossa na Kamaru, Aristide Takoukam Kamla da ƙungiyarsa AMMCO sun ba masunta manhaja a waya, suna aiko da hoto da wurin da suka ga ayu. Da wata baƙuwar ciyawa ta rufe tafkin ta kashe abincin ayu ta kuma hana jirage wucewa, sai asarar ta zama ta kowa, aka yaƙe ta tare da wani ƙwaro mai cinta. Mutumin da jiya ake kira ɓarawon ruwa ya zama shi ne idon masu bincike. Wanda ya ga yadda kacalla ke cinye tafkunan Damagaram zai gane wannan haɗin kai ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A ganina abu uku ne za su yi aiki a Kwara, daga Ayoru zuwa Gaya zuwa Yawuri, kuma babu mai tsada a ciki. Masuncin da ya sami ayu da rai a ragarsa ya sake shi, a biya shi ragar nan take, ba bayan wata shida ba. Gurabun da ayu ke taruwa da rani, in ruwa ya ja, masunta sun san su ɗaya bayan ɗaya. A bar wa sarakunan ruwa ikon rufe su, hukuma ta tsaya musu in wani mai uban gida ya taka. Sannan a bi kwalbar.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin masunci da mai magani duka, wato madatsun ruwa. Tun da aka datse Kwara a Kainji a 1968, aka tashi mutane kusan 44,000, aka ƙara da ta Jebba a ƙasa, ayun da ke sama ya rabu da na ƙasa, kuma an sha ba da rahoton mutuwarsa a mashigar injinan lantarki. Yanzu ga madatsar Kandaji, wadda Shugaba Tandja Mamadou ya aza harsashinta a 2008, Shugaba Mahamadou Issoufou ya sake tayar da aikin a Maris 2019. Ran da ta cika, za ta canza lokacin ambaliyar da burgu ke rayuwa a kai, za ta tashi dubun-dubatar mutane, sabon tafkin kuma zai jawo masunta daga ko'ina, har da masu cin rani daga irin su Guci. Wa zai shiga, da wace raga, wane gurbi za a bari, duk tambayoyi ne da suka fi sauƙin amsawa kafin ruwa ya taru. A Kainji sai a 1993 aka soma aikin haɗin gwiwa da Jamus na tsara kamun kifi, aka jawo sarakuna da shugabannin masunta, aka hana tarun nan da ake kira dala. An yi shekara 25 ana kamu a tafkin kafin a zauna wannan zama, kuma da aikin ya ƙare dala ta dawo.